Ga ƙanwata likita mai shirin jarrabawar ƙwarewa a aikin ICU

Wa alaikumus salam ƙanwata Dakta, sannu da aiki. Tambayarki ta iso, kin ce kina horon ƙwarewa a anastisiya, wato fannin sa barci domin tiyata, kin haye kashi na ɗaya, zuciyarki ta karkata ga aikin ICU, ɗakin kula da marasa lafiya masu tsanani, kuma kina so ki zauna jarrabawar ƙwarewa a kansa, amma ICU ɗinku gadaje kaɗan ne, injin auna gas na jini yau yana aiki gobe babu kayan sa masa, kol, wato aikin kwana a asibiti, ya hana ki sakat, kuma duk littafin da kika buɗe sai ki ji kamar labarin wata duniya ake ba ki. Wai ta ina zaki fara. Toh bari in faɗa miki abinda na sani, zan ɗan ja da tsawo ki yi haƙuri.

Da farko dai ki tsayar da wace jarrabawa kike nufi, don mutane suna haɗa su a baki alhali ba ɗaya bane. A nan gida hanyar da muka sani ita ce ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wato NPMCN, da ta Afirka ta Yamma WACS, kuma tunda a asibitocin koyarwarmu yawanci 'yan anastisiya ne ke riƙe da ICU shi yasa tambayoyinsa ke fitowa sosai a takardunmu. Ita ce zata ba ki kujerar kwansaltan a nan, don haka kar ki yi mata riƙon sakainar kashi saboda kina hangen ta waje, musamman binciken da zaki rubuta na kashi na biyu, ki fara shi da wuri don shi ne yake tsayar da mutane shekara da shekaru. Sai EDIC, difloma ce ta ƙungiyar likitocin ICU ta Turai ESICM, an fara ta tun 1989, kashi biyu ce, na farko tambayoyin zaɓi guda 100 cikin awa 3, na biyu kuma baki da baki ne, a kawo miki labarin mara lafiya ki bi shi mataki mataki, sannan a nuna miki hotuna da sakamakon gwaji a kwamfuta ki fassara, kuma kafin ki zauna na biyun suna son shaidar wata 24 na aikin ICU. Ki sani EDIC ba lasisin aiki bace a ko wace ƙasa, shaida ce cewa iliminki ya kai wani mizani, kuma da yuro ake biya. FFICM ta Birtaniya ce, hukumar da ke yin ta an kafa ta 2010, tana da rubutu da OSCE, wato gwajin aiki tasha bayan tasha, da jarrabawar baka, amma sai kin riga kin ci wata kafin ita kamar firamaren FRCA ta 'yan anastisiya ko MRCP ta likitocin cututtukan cikin jiki, kuma a zahiri ta masu horo a can ce. Ta Ostireliya da Niyuzilan kuwa, CICM, su har gaban gadon mara lafiya na gaske ake kai mutum a ce duba shi ka faɗa mana. In ni ce ke, ko in ce in shawarata zaki bi, ki ƙarasa ta gida ki ɗora EDIC a kai, karatun guda ne zai yi miki biyu. Ki sauke manhajar da ake kira CoBaTrICE, ita ce jerin abinda Turawan suka yarda likitan ICU ya iya, ki buga ta a takarda ki riƙa sa alama a abinda kika gama.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk waɗannan jarrabawowin abu ɗaya suke son sani, in an bar ki ke kaɗai da ƙarfe ukun dare da mara lafiya yana neman tafiya, zaki gane me ke faruwa, zaki yi abinda ya kamata a jere, kuma zaki iya faɗin dalili? Shi kenan fa. Wanda ya gane wannan karatunsa yakan canza gaba ɗaya, ya daina haddar shafuka ya koma tambayar kansa me yasa. Kuma wannan ne yasa nake cewa ƙaramin ICU ɗinki ba naƙasu bane kamar yadda kike gani, don gado 4 ma ya isa makaranta in kin san yadda zaki yi da shi.

Ga yadda nake sa yaranmu su yi. Kullum bayan an gama rawun, wato zagayen duba marasa lafiya, ki zaɓi mutum ɗaya, ɗaya tak, ki tsaya a ƙafar gadonsa ki gabatar da shi da baki cikin minti 2 kamar mai jarrabawa na gabanki, waye shi, me ya kawo shi, waɗanne gaɓoɓi ne suka gaza, me ke riƙe da shi yanzu, me kike tsoro cikin awa 24 masu zuwa, me zaki yi. Da dare ki karanta abinda ya shafi wannan mutumin kaɗai. In mai jijjigar ciki ce aka kawo daga ɗakin haihuwa toh daren nan magnesiyam ne karatunki, yadda yake aiki, alamun ya yi yawa a jiki tun daga ɓacewar motsin gwiwa har raunin numfashi, kalsiyam gulukonet da ake karya shi da shi, binciken Magpie na 2002, da abinda zaki yi in fitsari ya ragu tunda ta ƙoda yake fita. Wallahi abinda kika karanta da fuskar mutum a ranki baya gudu, wanda kika karanta don kawai babi na bakwai ne ya zo layi kuwa sati biyu ya yi yawa.

Yanzu fisiyoloji, kuma a nan zan daɗe don nan ne ake faɗuwa. Yawancinmu mun haddace shi a firamare mun zubar a bakin ƙofar zauren jarrabawa. A ICU kuwa shi ne aikin kansa. Akwai lissafi kaɗan da dole su zauna miki ido rufe. Iskar oksijin da jini ke ɗauke da ita, 1.34 sau himogulobin sau sachureshan, a ƙara ɗan abinda ya narke 0.003 sau PaO2, wato matsin oksijin a jini, in kin riƙe wannan zaki gane me yasa mace mai himogulobin 4 da sachureshan 100 take cikin haɗari fiye da mai himogulobin 14 da sachureshan 88, duk da cewa na biyun ne injin zai yi ta yi wa ihu. Lissafin iskar cikin huhu ma haka, a gaɓar teku mai shaƙar iskar ɗaki yana da kusan 150 kafin a cire PaCO2, matsin kabon dayoksayid a jini, da aka raba da 0.8, ya rage kusan 100, kuma in a Jos kike aiki inda tudun ya kai wajen mita 1,200 lambar ta ragu tun kafin cuta ta taɓa shi.

Gas na jini kuma ko injinku baya aiki ki nemo tsofaffin sakamako ki riƙa warware guda biyar a rana da tsari ɗaya wanda ba kya canzawa. Bari in ba ki misali. Yarinya mai ciwon suga ta zo a galabaice, pH 7.02, baikabonet 8, PaCO2 32, sodiyam 136, kulorayid 100. Kowa zai ce asid ya yi yawa, tazarar aniyon 28, DKA ce, wato asid ɗin ciwon suga, an gama. Ba a gama ba. Lissafin Winter ya ce PaCO2 ɗin da ya kamata ki gani shi ne 1.5 sau 8 a ƙara 8, wato wajen 20. Nata 32 ne. Lamba ce da in kin gan ta ita kaɗai zaki ce ai ƙasa take da daidai, amma a wannan yarinyar ma'anarta ta fara gajiya, numfashin da ke riƙe da ranta ya fara karyewa. Mai jarrabawa wannan yake jira ki gani. Kuma zai bi ki da cewa toh in kin sa mata tiyub na numfashi fa, sai ki ce ina tsoron lokacin da numfashi zai tsaya don pH zai ƙara faɗuwa zuciya ta iya tsayawa, zan shirya ruwa da maganin ɗaga BP a hannu, wanda ya fi kowa ƙwarewa shi zai sa, kuma zan saita injin ya yi mata numfashi da sauri kwatankwacin yadda take yi da kanta. In kin faɗi haka kin ci wannan tambayar. Kar ki manta da gyaran albumin ma, duk giram 1 da ya faɗi ki ƙara 2.5 a tazarar, don marasa lafiyarmu da yawa albumin ɗinsu a ƙasa yake kuma yana ɓoye asid.

Wani ƙaramin abu da yake kayar da namu a jarrabawar Turai, ma'auni. Mu da mmHg muka saba, Birtaniya da wasu ƙasashen kPa suke kawowa. 1 kPa daidai yake da 7.5 mmHg. Rabon PaO2 da FiO2 (kason oksijin a iskar da ake shaƙa) na 300 shi ne 40, 200 shi ne wajen 26.7, 100 kuma 13.3. Suga na mg/dL a raba da 18 ya zama mmol/L, kiriyatinin na mg/dL kuma a ninka da 88.4 ya zama µmol/L. Ki saba da duka biyun tun yanzu, ba a zaure ake koyon wannan ba lokacin da agogo ke gudu.

Bentileta kuma ki daina jin tsoronsa, ki riƙa taɓa shi. Na ga likitoci da yawa da suka bar wa nas ko mai gyaran inji saitinsa, su dai su rubuta a fayil. A'a. Ki san bambancin matsin fik, mafi girma lokacin tura iska, da matsin filato, wanda ya rage in an tsayar da iskar, da hannunki, ki danna tsayar da numfashi ki gani. Fik ya hau filato na nan inda yake, matsalar a hanya take, tiyub ya lanƙwashe ko majina ta toshe ko hanyoyin iska sun tsuke. Duka biyun sun hau, huhun ne ko ƙirjin ya ƙi buɗuwa, ki yi tunanin iska ta taru a ƙirji, ko ruwa, ko tiyub ya zarce ɓangare ɗaya. Akwai wani dare da aka sa wa wani saurayi mai asma tiyub, minti kaɗan BP ya ruguzo, ƙaramin likitan da ke wajen ya riga ya miƙa hannu zai ɗauko adirenalin, babbar nas ɗinmu ta ce Dakta a cire shi daga injin tukuna, aka cire, aka danna ƙirjin a hankali, kana jin iska tana fita shuuu kamar ba zata ƙare ba, BP ya dawo da kansa. Iskar da ake tura masa ce bata samun lokacin fita, ta taru ta matse zuciya ta hana jini komowa. Wannan tambaya ce da take fitowa a kowace jarrabawar ICU a duniya, kuma wanda ya taɓa jin wannan ƙarar baya buƙatar ya haddace amsarta.

ARDS kuwa, wato mummunan kumburin huhu da ke hana oksijin shiga jini, dole ki san shi ciki da waje. Ma'anar Balin ta 2012 da matakanta uku na rabon PaO2 da FiO2, 300 da 200 da 100. Binciken ARDSNet na 2000 da ya gwada mil 6 a kowane kilo da mil 12, mace-mace suka sauko daga kashi 39.8 zuwa 31 cikin ɗari, kuma daga nan ki iya fitar da cewa in an yi wa mutum 11 ko 12 haka an ceci ɗaya, don suna son irin wannan lissafin. Abinda ake mantawa shi ne kilon da ake nufi na tsawo ne ba na sikeli ba. Mace mai tsawon santimita 160 nauyin da ake lissafa mata wajen kilo 52 ne, iskarta wajen mil 315, ko da kuwa a sikeli kilo 90 take, in kin bi sikeli kin tura mata 540 kin wuce mil 10 a kilo. Huhun mai ARDS ɗan ɓangare ne kawai ya rage yana karɓar iska, tura masa numfashin babba kamar cusa masarar buhu guda ne a leda, fashewa zata yi. Ki samo tef ɗin tela ki ajiye a aljihu ki riƙa auna tsawon duk wanda ke kan inji. Sai kifa mara lafiya rub da ciki, binciken PROSEVA na 2013, awa 16 a rana, mace-macen kwana 28 kashi 16 maimakon 32.8. Kinga wannan magani ne da baya buƙatar kobo, mutane biyar da filo kawai, kuma ya kamata a ce mu ne muka fi kowa iya shi. Ki san gyaran Kigali na 2016 ma, wanda aka yi a Ruwanda domin wuraren da babu gas na jini, aka yarda a yi amfani da rabon sachureshan da FiO2 na 315 ko ƙasa da haka da kuma sikanin huhu, kuma sabuwar ma'anar da aka fitar a 2023 ta karɓi wannan tunanin. Abinda kike yi saboda rashi yanzu ya shiga littafi.

Wannan ya kawo ni kan abinda na fi so ki ji. Ke mai amsa biyu ce a kowace tambaya, amsar inda akwai komai da amsar inda kike tsaye, kuma dole ki san su duka ki san wacce ake tambayarki. A EDIC in an ce mutum ya shiga shok na sefsis, wato ƙwayar cuta ta bi jiki har BP ya faɗi, amsar ita ce ta ƙa'idojin Surviving Sepsis na 2021, a ɗebi jini don shuka ƙwayar cuta, maganin kashe ƙwayoyi cikin awa ɗaya, a auna laktet, ruwa mil 30 a kilo cikin awa 3 wanda yanzu shawara ce mai rauni ba umarni ba, noradirenalin a farko a nemi MAP, matsakaicin matsin jini, ya kai 65, a iya fara shi ta jijiyar hannu kafin a samu babban layi, in ya ƙi a ƙara basofiresin sannan haidirokotizon mg 200 a rana, kuma a nemo inda ruɓar take a cire ta. Kar ki ce musu ai mu bamu da kaza, ba su tambaye ki ba. Amma a WACS ko NPMCN mai jarrabawar ya san inda kike aiki don shi ma can yake, zai ce toh babu noradirenalin, sai ki ce adirenalin, tare da sanin zai ɗaga laktet ya rikita min fassara, dofamin kuma binciken SOAP II na 2010 ya nuna ya fi kawo rikicewar bugun zuciya. Kuma a duka biyun zaki burge in kin san cewa maganar ruwa bata ƙare ba. A binciken FEAST na 2011 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, yara masu zazzaɓi mai tsanani da aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48, wajen kashi 10.5 a kan 7.3. A Zambiya ma a 2017 an gwada tsarin ba da ruwa da yawa ga manya masu sefsis, mace-mace suka zama kashi 48 a kan 33. Ki zauna ki yi tunanin me yasa, wane irin marasa lafiya ne, akwai injin numfashi in huhu ya cika ko babu. Wannan tunanin shi ake kira ƙwarewa, ba haddar lambar ba.

Sauran binciken ba sai kin haddace ɗari ba. Guda 30 zuwa 40 ne suke ta zagayawa, kowanne ki rubuta layi huɗu a ƙaramin kati, wa aka gwada, me aka gwada, me ya fito, ina rauninsa. TRICC na 1999 kan ƙarin jini in himogulobin ya faɗi ƙasa da 7, NICE-SUGAR na 2009 da ya nuna matse suga sosai yana kisa, binciken Rivers na 2001 kan farfaɗo da masu sefsis da wuri da yadda ProCESS da ARISE da ProMISe suka zo suka kasa tabbatar da shi, TTM na 2013 da na biyunsa na 2021 kan sanyaya jiki bayan tsayawar zuciya, RECOVERY na 2020 da deksametazon mg 6 ga masu korona, CRASH-2 na 2010 kan maganin tsayar da jini ga masu rauni da sharaɗin awa 3, WOMAN na 2017 kan zubar jini bayan haihuwa wanda matan Najeriya da yawa suka shiga cikinsa, da AQUAMAT na 2010 da ya ɗora atesunet a kan kwinin, har da Ilorin a wuraren da aka yi shi.

Kuma ki san inda kika fi su da inda suka fi ki. Tetanus, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, saran kububuwa da gwajin daskarewar jini na minti 20, wanda ya sha fiya-fiya ana ta ɗura masa atirofin har ƙirji ya bushe, sikila da ciwon ƙirji, zazzaɓin Lasa da ƙoda, hanjin da taifot ya huda, ɗan Jamus ko ɗan Holan a takarda ya san su, ke kin kwana a kansu. Lissafin tukunyar oksijin ma haka, ƙaramar nan mai lita 680 in ana sha lita 10 a minti awa ɗaya da 'yan mintuna ce, su tambayar jarrabawa ce ke kuwa rayuwa ce duk ranar da zaki kai mutum sikanin a wani gini. Inda zaki sha wuya shi ne abinda baki taɓa gani ba, ECMO mai sa wa jini oksijin a wajen jiki, wankin ƙoda mai tafiya ba tsayawa, na'urorin auna aikin zuciya, mara lafiya bayan tiyatar zuciya ko dashen hanta, da tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa da ba da gaɓoɓi, wanda Birtaniya ma ta sabunta ƙa'idarsa a 2025. Waɗannan ki ware musu lokaci na musamman, ki kalli bidiyo, ki zana da'irar injin da hannunki har ki iya zana ta ba kallo, in da hali ki nemi izinin wata ɗaya ko biyu a wani ICU da ke da kayan ko a nan ƙasar ne. Kwas ɗin BASIC da jami'ar CUHK ta Hon Kon ta ƙirƙiro da FCCS na Amurkawa suna da kyau a matsayin tushe amma ba su kai zurfin jarrabawar ba. Sikanin zuciya da huhu a bakin gado kuwa ki roƙi 'yan ɓangaren zuciya su nuna miki, yanzu ba a yin jarrabawar ICU babu shi.

Akwai ɓangaren da namu suke rainawa, magana da dangi da hukuncin ƙarshen rayuwa. Mu a nan kinsan yadda abin yake, babban wa ko kawu ne zai zo, a ce kar a faɗa wa matar, a ce Dakta ku yi iya yinku sauran na Allah ne, wani lokacin kuma kuɗi ne yake yanke hukuncin ba mu ba, kuma wannan yana ci min rai har yau. A jarrabawar Turai tsarin daban ne, ana farawa da me mara lafiyan kansa yake so, yana da hankalin yanke hukunci ko babu, in babu me ya fi masa alheri, a Ingila akwai doka a kai tun 2005, dangi ana jin ta bakinsu amma ba su ke yankewa ba. Ki koyi wannan tsarin da kyau ki amsa da shi. Amma kar ki yar da abinda kika iya, zama da mutane, yin shiru a bar su su yi kuka, faɗin magana mai nauyi ba tare da an wulaƙanta kowa ba, wannan ana ba shi maki kuma da shi muka tashi.

Jarrabawar baka ita ce ta fi kayar da masu ilimi. Na sha zama ina yi wa yara gwaji, yarinyar da na san ta fi kowa karatu a sashen, a tambaye ta dalilan faɗuwar sachureshan a kan inji sai ta fara da wata cuta da ake gani sau ɗaya a shekara goma, ta yi ta kame-kame, lokaci ya ƙare bata ambaci tiyub ya fita ba. Ilimin na nan, bakin ne bai saba ba, kuma ga Turancin da ba da shi muke tunani ba in hankali ya tashi. Maganinsa guda ne, ku haɗu ku uku, ɗaya na tambaya ɗaya na amsa ɗaya na riƙe da agogo yana rubuta kurakurai, sau biyu a sati, in ba ku gari ɗaya ku yi ta kiran bidiyo a WhatsApp. Ki ɗauki muryarki a waya ki saurara, zaki ji kunya ranar farko amma zaki ji duk inda kike in-ina. Ki saba fara amsa da raba ta gida gida, ki ce dalilan sun kasu uku, na inji da na tiyub da na mara lafiya, sannan ki fara da wanda ya fi kisa da sauri. In baki san abu ba ki ce ban sani ba a wuce, shaci-faɗin adadin magani ya fi rashin sani muni a wajensu don shi ne alamar likita mai haɗari. Kuma ki nemi kwansaltan ɗin da kika fi jin tsoro ki roƙe shi ya yi miki gwaji, ba mai sauƙin ba.

Lokaci kuma, wata 6 ya isa kashi na farko na EDIC in kin riƙe shi da gaske. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan sallar Asuba kafin gida ya tashi ta fi awa huɗu bayan Isha kina gyangyaɗi a kan littafi. Littafi babba ɗaya ki zaɓa ki tsaya a kansa, kar ki tara goma a waya ki yi ta tsalle. Tambayoyin zaɓi ki fara su tun satin farko ba sai kin gama karatu ba, don ba a gamawa, kuma duk wadda kika faɗi ki rubuta dalilin faɗuwar, rashin sani ne ko rashin karanta tambayar da kyau, zaki yi mamakin yawan na biyun. Ranar da kika sauka daga kol kar ki buɗe komai, ki yi barci, ƙwaƙwalwar da bata yi barci ba bata ajiya. In kina da iyali ki zaunar da maigida da duk wanda zai taimaka da yara tun yanzu ki faɗa musu watannin nan sai an yi haƙuri da ke, kar ki bari sai abin ya zo wuya. Ki yi magana da mai tsara jadawalin kol da wuri ya sassauta miki satin ƙarshe, ki biya bashin a gaba ko a baya.

Sai takardu, wanda shi ma yana hana mutane zama bayan sun gama shiri. Daga yau ki buɗe littafin da zaki riƙa rubuta duk mara lafiyan ICU da kika kula da shi da duk abinda kika yi da hannunki, layin wuya, tiyub, huda maƙogwaro, bututun ƙirji, ba tare da sunan kowa ba, shugaban sashe ya riƙa sa hannu duk wata, don wasiƙar shaidar watannin da ESICM ke nema daga wajensa zata fito kuma ba a son a zo ana tuna-tuna. Ki shiga shafinsu da kanki ki karanta sharuɗɗan shekarar da zaki zauna da ranar rufe rajista da wuraren da ake yi, ki duba fasfonki bai kusa ƙarewa ba, kuɗin kuma ki fara ware shi kaɗan kaɗan tun da canji baya jiran kowa. In kun haɗa ƙungiyar taku ta mutum uku ki sanar da ni, zan shigo muku wani daren Asabar in yi muku tambayoyi, ki shirya min gas na jini da asma. Allah ya ba da sa'a, ya sa a amfana da ke.